Waiwaye: Tafiyar kalmar "mutunci" a Damagaram

Duk wanda ya tashi a Birni ko Zango, tsofaffin unguwannin garin Damagaram (Zinder), ya san cewa faɗa bai kai intaha ba sai an ji wani ya ce, "Kada ka ci mini mutunci." Daga nan murya take sauyawa, masu rabo su matso. Kalma ce da muke furtawa safe da yamma, amma kaɗan ne suke tsayawa su dubi inda ta fito da irin hannayen da ta bi kafin ta iso gare mu.

Asalinta a fili yake. Daga "mutum" aka ciro ta, kamar yadda aka ciro zumunci daga zumu. Daraja da martaba da alfarma duk baƙi ne da suka shigo daga Larabci ta hanyar malamai, ita kuwa mutunci haifaffiyar gida ce. Ma'anarta ta farko ita ce zama mutum, da ɗaukar wani a matsayin mutum. Shi ya sa Bahaushe yake cewa "muna mutunci da wane", wato abu ne da ke tsakanin mutum biyu, kowa na riƙe da gefe guda. Wannan amfani ne na fi so, kuma shi ne nake ganin yana ja da baya a bakin yaranmu.

Sai dai tarihi bai raba mutunci daidai ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884 bayan ya kewaye Birni da ganuwa ya tara bindigogi, Damagaram mahaɗar ayari ce tsakanin Kano da Agadas har zuwa Tarabulus, kuma cikin hajar da ake fatauci akwai bayi. A irin wannan zama, mutunci ya bi asali. Akwai ɗa, akwai bawa. Ko cikin 'ya'ya ma, malami da attajiri suna gaba, mahauci da maroƙi ana duban su a kaikaice, alhali ba a suna ko biki sai da su. Ragowar wannan tunani ne ake ji har yau idan an tashi binciken aure, aka tambaya ko gidan mutunci ne. Sau da yawa hali ake nufi, amma wani lokaci tsatso ake tonowa, kuma mu daina ɓoye wa kanmu hakan.

Da Faransawa suka ci garin a 1899 bayan yaƙin Tirmini, sai masu asalin ma suka ɗanɗana. A 1906 aka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla tawaye, aka tuɓe shi, aka kai shi Kodibuwa, aka ɗora Bellama, bawan fada, a kan al'amuran gari. Sarautar ba ta dawo gidanta ba sai 1923. Shekara uku bayan haka, a 1926, aka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder aka mai da shi Yamai. Wanda ya san waɗannan abubuwa biyu ba zai yi mamakin yadda Badamagare yake saurin jin an taɓa mutuncin garinsa ba. Zamanin Nasara kuma ya buɗe wata sabuwar ƙofa: ɗan lakwal mai albashi ya samu kujerar da kakansa bai taɓa mafarki ba, aka fara auna mutum da muƙami, daga baya da aljihu.

Amma a cikin gidaje, tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Ina tune da yunwar 1984. Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da rumbunsa ya ƙare, ga iyali, ga shi ba mai iya buɗe baki ya roƙa ba. Kakata takan jira sai an idar da sallar isha'i, ta auna gero a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ce mini, "Bi ta ƙofar baya. In ka gamu da wani, ka ce saƙon goggonka ne." Da safe dattijon zai fito da rigarsa wankakkiya, su gaisa da kakana a zaure kamar ba abin da ya faru, har ya ba shi shawara kan maganar gona. Ba a taɓa godiya ba, ba a taɓa jiran ta ba. A lokacin na ɗauka geron ne taimakon. Sai da na girma na gane cewa ƙofar bayan ta fi geron nauyi.

Dubi aikatau ɗin da kalmar take tafiya da su. Ana cin mutunci, ana zubar da shi, ana keta shi, ana kuma kare shi. Na farko wani ne yake yi maka, na biyu kai kake yi wa kanka, shi ne ma aka ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Abin da ke damuna shi ne yadda wannan karin magana ya fi sauka a kan mata. Yarinya ta yi kuskure sau ɗaya an rufe littafinta, namijin da suka yi tare kuwa gobe yana sahun gaba.

Yau kalmar ta shiga bakin hukuma. Fassarar Hausa ta sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 da "mutunci" ta yi amfani wajen cewa kowa daidai yake da kowa tun daga haihuwa. A 2003 Nijar ta mai da bautar da mutum babban laifi a dokarta, a 2019 kuma dokar laifuffukan intanet ta tanadi hukunci ga mai yaɗa abin da ke keta mutuncin ɗan Adam. Dalilin bai ɓuya ba: abin da dā ake kashewa a zaure tsakanin dattawa uku, yanzu murya ɗaya a WhatsApp ta kai shi Maradi da Kano kafin la'asar.

Matasan Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana yi wa kallon matattarar kutare da marasa galihu, su ma da wannan kalma suke kuka. An san su da 'yan fale, wato gungun samarin da ake dangantawa da daba, ana tsoron su, ana kiran su marasa mutunci. Na taɓa hawa babur ɗin wani ɗan kabu-kabu daga can zuwa Kasuwar Dole. A hanya ya ce mini, "Baba, ka san abin da ya fi ƙona mini rai? In na faɗi unguwarmu, sai mutum ya dafe aljihunsa." Da na sauka na miƙa masa kuɗi, na ce ya riƙe canjin. Ya ƙirga dala ashirin, ya danƙa mini a hannu, ya tada babur.