Sayar da gida alhali iyali na ciki: tambayoyi da amsoshi

Dole ne sai mun tashi kafin mu sa gidan a kasuwa?

A'a. Da yawa daga masu sayar da gida a Kaduna da kuɗin gidan za su sayi wani ko su kama haya, to ina za su kafin kuɗi ya shiga hannu? Abin da ba na so kowa ya yi wasa da shi shi ne wa'adin tashi. A rubuta shi cikin takardar ciniki, wata biyu ne ko uku, shaidu su sa hannu. Alkawarin fatar baki ba ya hana mai saye turo magina da tifar yashi, yaranka na tsakar gida suna kallo. Idan da hali, a daidaita wa'adin da dogon hutu, kada a cire yaro daga makaranta ana tsakiyar zango.

Masu zuwa duba gida fa?

Idan ka sakar wa dillali, zai kawo baƙi da rana tsaka, uwargida na bakin murhu. Ka yanke masa rana da lokaci, ya fi kyau da hantsi, yara suna boko, kuma kana nan da kanka. Mata su koma ɗaki ɗaya ko su shiga maƙwabta. Gidan aure ne har ranar miƙa makulli.

A gaya wa yara?

A gaya musu, kafin su ji a bakin 'yan layi.

Yaya za a yi da dabbobi?

Kare a ɗaure shi can baya, domin mutane da yawa da sun ji haushi a bakin ƙofa suke juyawa. A share turken awaki da akurkin kaji, warin da kuka saba da shi shi baƙo zai fara ji. Tantabaru da kyanwa kuwa damuwarsu bayan tashi ce: suna komawa tsohon gida. A kulle su 'yan makonni a sabon wuri har su saba.

Zan iya fente inda ruwa ke yoyo?

Ka gyara, ko ka faɗa. Ruwan Agusta zai tona, kuma ɓoye aibin kaya algus ne.

Waɗanne takardu za a nema?

Takardar shaidar mallaka, wadda mai saye zai tantance a KADGIS, hukumar da ke kula da filayen jihar. Dokar filaye ta 1978 kuma ta ce sai da amincewar gwamna ake sauya mallaka. Idan gidan gado ne, kowane magaji sai ya yarda, har 'yan'uwa mata da ke aure a wani gari, kuma a kare rabon marayu ƙanana ta hannun kotu.