Tabon baki marar zafi ba "zafin ciki" ba ne

A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, idan mutum ya ga farin tabo a harshe ko cikin kunci, sai a ce zafin ciki ne, a jiƙa masa sassaƙe. Tunda ba ya ciwo, wai babu komai. Nan kuskuren yake. Gyambon da zazzaɓi ke kawowa yana raɗaɗi, kuma yakan warke cikin mako 2. Tabon da kan rikiɗe ya zama kansa, wato ciwon daji, kuwa sau da yawa shiru yake zama. Ka kankare shi da asuwaki, ba ya fita. Akwai kuma jan tabo, wanda ya fi farin haɗari.

A duniya, kimanin mutum 2 zuwa 5 cikin manya 100 na da irinsa, kuma ba duka ke zama kansa ba.

Babban sanadinsa taba ce, har da ta gari mai kanwa da dattawa ke cusawa a leɓe, wadda ake ganin ta fi sigari sauƙi. Daidai inda ake ajiye ta tabon kan fito. Giya, ko bilbil ce, wato burkutu, tana ƙara haɗarin. In tabo ya wuce mako 2, a kai wa likitan haƙori ya duba.