Gajeren Bidiyon Bincike a Fannin Kiwon Lafiya na Dijital

Gajeren bidiyon bincike faifai ne na 'yan daƙiƙoƙi zuwa minti uku ko biyar, wanda mai bincike ke shiryawa don ya faɗa wa jama'a abin da ya gano, ba sai sun karanta takardarsa ta mujalla ba. Ana yawan amfani da shi a fannin kiwon lafiya na dijital, wato aiki da waya, kwamfuta da intanet wajen duba marasa lafiya, adana bayanansu da bin sawun cututtuka. Dacewarsu a fili take: wayar da aka yi binciken a kanta, a cikinta za a kalli sakamakon.

Asali

Mujallar Journal of Medical Internet Research, ɗaya daga cikin manyan mujallun fannin, ta fara fitowa a 1999. A 2006 aka kafa JoVE, mujallar da ke nuna gwaje-gwajen kimiyya a bidiyo. A 2008 kuma Jami'ar Queensland ta Ostiraliya ta ƙirƙiro gasar da ɗalibin digirin digirgir ke bayyana aikinsa cikin minti uku. Duk waɗannan zance ne tsakanin masana. Abin bai sauko kan titi ba sai da TikTok ya bazu daga 2017, Instagram ya fito da Reels a 2020, YouTube ya biyo da Shorts. Korona ta ƙarasa aikin. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa jita-jita ta zama annoba ta biyu, likitoci da yawa kuma suka ga shirunsu ma illa ne.

A Kano

Kano ta daɗe tana cikin wuraren da ake gwada irin wannan fasaha. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda aka kafa a 2009, ta yi aiki daga Kano a yaƙi da shan inna, inda ake ba masu rigakafi wayoyin da ke nuna lungunan da suka shiga da waɗanda suka tsallake. Manhajar SORMAS, ta sa ido kan ɓarkewar cututtuka, an ƙirƙiro ta bayan Ebola ta 2014, kuma Kano da Oyo ne aka fara gwada ta a 2015. Alƙaluman asibitocin gwamnati suna shiga tsarin DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya ta Jami'ar Oslo. Malaman Jami'ar Bayero da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna rubutu kan irin waɗannan ayyuka, amma da Turanci, a mujallun da matar da ta amsa tambayoyinsu a layin awon ciki ba za ta taɓa gani ba.

Wannan giɓi ya fi nauyi a Kano saboda tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, gwajin da ya ƙunshi yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75. Tabon bai goge ba. Yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da jihar ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa Yulin 2004. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa mai binciken da ya dawo, da fuskarsa da sunansa, ya ce "ga abin da muka gano daga amsoshinku", bashi yake biya. Sanarwar Helsinki ta 1964, wato ƙa'idojin binciken lafiya a kan mutane, a gyare-gyarenta, ta wajabta bayyana sakamakon bincike, ko da bai zo yadda aka so ba.

Yadda ake shirya shi

Bidiyo mai kyau saƙo ɗaya yake ɗauka. Ana fara shi da tambayar da mai kallo ya sani, kamar ko tunatarwa ta saƙon waya tana sa masu ciki zuwa awo a kan lokaci, sannan a faɗi su wa aka bincika, a ina, me aka gani, me ba a gani ba. Murya ta fi rubutu aiki, domin da yawa daga masu kallo sun fi sakewa da ajami ko da sauraro fiye da boko mai gudu a ƙasan hoto. Fassara ma aiki ne. Hawan jini, ciwon suga da mashaƙo suna da sunayensu, amma kalmar "taifot" a bakin mutane ta kan rufe zazzaɓi iri-iri, dole a tantance wanne ake nufi.

Lissafi ne wurin tuntuɓe. In aka ce haɗari ya ninka, mai ji zai firgita, alhali wataƙila daga mutum ɗaya cikin dubu ya koma biyu. Faɗin adadin mutane ya fi faɗin kaso.

Sai nauyin faifan. Bidiyo a Kano bai tsaya inda aka ɗora shi. Daga TikTok yana faɗawa zauren WhatsApp na dangi ko na 'yan unguwa, daga nan a tura shi ta Xender a majalisa ko a rumfar cajin waya, ba a taɓa data ba. Faifai mai nauyi a hanya yake mutuwa. Akwai kuma gidajen da waya ɗaya ce, tana aljihun maigida har dare, don haka saƙon da aka yi domin mata ta hannunsa zai bi. Rediyo na cike wannan gurbi.

Matsaloli

Babbar matsala ita ce "wataƙila". Bincike na gaskiya cike yake da ita, minti ɗaya kuwa bai son ta. Mai maganin da ya kafa mota da lasifika a bakin kasuwa yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya na maganin cuta goma, kuma yanzu shi ma yana TikTok. Mai bincike ba zai iya ja da shi a cika baki ba, kuma bai kamata ya gwada ba. Ya ce "a asibiti ɗaya muka yi, mutanen ba su da yawa" ya fi masa, ko da masu kallo sun ragu.

Sirrin mara lafiya na biye. Yardar shiga bincike daban, yardar a nuna fuska daban, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman. A unguwar da kowa ya san kowa, ƙofar gida ko zanen da mace ta ɗaura ya isa a gane ta.

Yawan kallo bai nuna an fahimta, balle an yi aiki da shi. Jami'o'i kuma takardu suke ƙirgawa wajen ƙarin girma, don haka yawancin masu wannan aiki a lokacinsu da kuɗinsu suke yi. Akwai kuma yankan faifai: a ɗauki daƙiƙa goma, a yar da sharaɗin da ya biyo baya. Tunda bayanin da aka rubuta a ƙarƙashin bidiyo yana ɓacewa da zarar an tura shi, masu lura kan liƙa sunansu, cibiyarsu da ranar ɗauka a jikin hoton daga farko har ƙarshe.