Kafin kafinta ya hau rufi: abin da takardar jinga za ta ƙunsa

Rigimar rufi a Bauchi ba ta cika tashi a ranar aiki ba. Da rani ake bugawa, a rabu lafiya, sai iskar farkon damina ta ɗage kwano biyu, ko ruwan Agusta ya fara ɗiga ta silin. A nan ne mai gida zai ce "ai mun yi da kai," kafinta ya ce "Alhaji, ba haka muka yi ba."

A doka, jingar baka ma jinga ce, kotu na iya tabbatar da ita. Wahalarta hujja. Amma ita ma takarda tana da nata tarkon: sashe na 128 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce idan an rubuta yarjejeniya, ba a karɓar maganar baka don a ƙara mata ko a rage, sai a 'yan wurare kamar inda aka yi zamba. Wato abin da kuka faɗa a gindin bishiya ba ku rubuta ba, kusan ya bi iska.

Shi ya sa "zai yi rufin gida" bai isa ba. A rubuta irin kwanon, kamfaninsa, launinsa, adadin bandir ko mita, sannan kaurinsa da lamba. Kwanon alminiyon mai kaurin milimita 0.45 da mai 0.55 kusan ɗaya suke a ido idan suna sama, amma ba ɗaya ba ne a farashi, ba kuma ɗaya ba ne a gaban iska. Ni da zan ba da shawara, a sa sharaɗin cewa za a auna kaurin a gaban mai gida ranar da aka sauke kaya, kafin a buga ƙusa ko ɗaya. Haka katako: tu-bai-fo (mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4) nawa, tu-bai-tu (inci 2 da 2) nawa, busasshe ne ko ɗanye, wace tazara za a bari a tsakani, kuma wa zai shafa masa maganin gara. Ɗanyen katako yana lanƙwashewa bayan ya bushe, ya ja kwanon, ƙusa ta saki. A kuma fayyace wa zai shiga kasuwa sayo kayan, da wanda ragowar za ta zama tasa.

Sai kuɗi. Kada kafin alƙalami ya cinye rabin jingar. A raba biyan gida-gida: kaɗan a farko, wani bayan ɗaurin katako, wani bayan buga kwano. A riƙe kashi 5 ko 10 cikin ɗari, kamar yadda ake yi a manyan kwangilolin gini, har rufin ya ga damina guda. Mai aikin da ya yarda da hannunsa ba ya jin haushin wannan. A rubuta ranar farawa da ta gamawa, da abin da zai faru in farashin kwano ya tashi ana tsakiyar aiki, da wanda zai ɗauki nauyin magani in yaron kafinta ya faɗo.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018 ta ba wanda aka yi wa aiki damar neman a gyara masa ko a mayar masa da wani ɓangare na kuɗinsa in aikin bai yi kyau ba. Sai dai alƙali zai fara tambayar me aka yi alkawari.

Kowa ya sa hannu, da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. In ɗayanku ba ya karatu, wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa, ya nuna cewa an karanta wa mutumin cikin harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa. Duk biyan da aka yi a karɓi rasit ko a adana shaidar banki.

In kuwa abu ya ɓaci, ofishin 'yan sanda ba wurinsa ba ne. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Sai sulhu a gaban shugabannin kafintoci ko mai unguwa, in ya gagara a tafi kotu da takardar.