Cen bulok

Cen bulok na'ura ce ta ɗaga kaya masu nauyi da ƙarfin hannu, ba wuta ba fetur. Ana rataye ta a sama da ƙugiya, mutum ya riƙa jan wata siririyar sarƙa, ita kuma wata sarƙar mai kauri ta riƙa hawa da kayan sannu a hankali. Ana samun ta a garejin makanikai, da masana'antu, da wurin masu haƙa rijiyar burtsatse, da duk inda ake girka janareta ko injin niƙa. A arewacin Najeriya an fi saninta wajen cire injin mota, kuma ana sayar da sabuwa da ta hannu a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna.

Asali

Kakar wannan na'ura ita ce wadda Thomas Aldridge Weston ya ƙirƙiro a Ingila a 1854, kamfanin 'yan'uwan Tangye na Birmingham ya ƙera ta ya baza duniya. Ita ta Weston sarƙa ɗaya ce tal, tana zagaya faifai biyu da ke manne da juna, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Wannan ɗan bambanci shi ke ba mutum ɗaya ikon ɗaga abin da ya fi ƙarfin mutum goma. Ta zamani ta koma amfani da giya, amma birkin da ke cikinta har yanzu da sunan Weston ake kiransa.

Yadda take aiki

Idan aka ja sarƙar hannu, sai ta juya wani faifai, faifan ya juya giya, giyar ta juya gurbin da sarƙar kaya ke kwance a ciki. Mutum zai ja sarƙar hannu mita da yawa kafin kayan su tashi mita guda. Nisan ja shi ne kuɗin da ake biya a sami sauƙin nauyi. Tsakanin faifan da giyar akwai birki: faifai mai haƙora, da wani ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa cikin haƙoran, da fayafayan gogayya guda biyu. Nauyin kayan da kansa ke matse birkin, shi ya sa idan aka saki sarƙa kayan ke tsayawa cak. Ƙarar ƙas-ƙas da ake ji lokacin ɗagawa ta ɗan harshen nan ce. Cen bulok da ke hawa shiru, ba wannan ƙara, a sauke ta a buɗe.

Ana ƙera ta daga mai rabin tan zuwa mai tan 20 da sama. Iyakar nauyin tana rubuce a jikin wani ɗan allo, galibi bayan haruffan WLL ko SWL. Wadda allonta ya goge ko ya ɓalle, babu mai iya rantsuwa a kan ƙarfinta.

Amfani ba tare da haɗari ba

Babbar matsalar wannan na'ura ita ce tana ɓoye nauyi. Hannun da ke jan sarƙa bai jin tan guda, kilo talatin ko abin da ya yi kusa da haka yake ji, sai hankali ya kwanta alhali ƙarfe na reto a sama. An yi ta ne don mutum ɗaya. Duk ranar da oga ya kira yara biyu ko uku su taru a kan sarƙar hannu, to ko dai kayan sun wuce iyaka, ko wani noti bai kwance ba, ko na'urar ta cije daga ciki.

Abin da aka rataye ta a kai ma yana cikin lissafi, kuma nan aka fi sakaci. Reshen darbejiya da ya ɗauki injin ƙaramar mota, mai kilo ɗari da 'yan kai, ba lalle ya ɗauki injin tirela da kan kai tan guda ba, kuma reshe bai da allon da zai faɗi iyakarsa. Haka ƙafa ukun da mai walda ya harhaɗa da bututun ruwa: a ƙasa mai laushi, musamman da damina, ƙafa ɗaya na iya nutsewa ko ta zame. Dole na'urar ta kasance daidai saman kayan, domin ja ta gefe yana sa inji ya yi lilo da zarar ya bar mazauninsa.

Ba a naɗe kaya da sarƙar na'urar a maƙala ƙugiya a jikinta. Bel ko wata sarƙa daban ake ɗaurawa. Nauyi ya zauna a cikin cikin ƙugiya, ba a bakinta ba, kuma 'yar sakatar bakin ta rufe. A fara ɗagawa kamar taƙi guda, a tsaya, a ga ko birki ya riƙe. Ba a ɗaga mutum da ita, ba a tafiya cin abinci a bar kaya a sama. Shiga ƙarƙashin injin da ke rataye kuwa, ko da don kwance ƙusa ɗaya ne, shi ne kuskuren da ba a cika samun damar maimaitawa ba.

Kulawa

Sarƙar kaya ba irin ta ɗaure ƙofa ba ce. Ƙarfe ne na musamman da aka gasa, galibi mai daraja ta 80, kuma zafin walda na kashe ƙarfinsa. Saboda haka zoben da ya tsage ba a like shi, ba a maye gurbinsa da ƙusa da noti. Sarƙar gaba ɗaya ake canzawa da irin wadda kamfanin ya tsara. Ana bin ta zobe-zobe ana neman tsatsa, lanƙwasa, da cinyewa a inda zobba ke gogar juna. Ƙugiyar da bakinta ya buɗe alama ce an taɓa ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kuma mayar da ita da guduma yaudarar kai ce.

Sarƙa na son mai, birki ba ya so ko kaɗan. Ƙurar hunturu kan haɗu da tsohon mai ta zama kamar yashi, sai a wanke sarƙar da kananzir, a bari ta bushe, a shafa sabon mai. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da garin ƙarfe, bai dace ba. Giya na buƙatar giris, amma ɗigo ɗaya a kan fayafayan birki ya isa ya sa kaya su silalo. Bayan aiki a rataye ta a inuwa inda ruwa ba ya taɓa ta, sarƙa ba ta jan ƙasa.

A Birtaniya, dokar LOLER ta 1998 ta wajabta wani masani ya bincike irin wannan na'ura aƙalla sau ɗaya a wata 12, bel da sarƙoƙin ɗauri kuma duk wata 6, a rubuta sakamakon. Ƙaramin gareji ma zai iya bin wannan tsari da littafi guda: ranar da aka buɗe ta, abin da aka gani, da abin da aka canza.