Tukunyar firesha ba bam ba ce

Har yau akwai gidajen da aka sayi tukunyar firesha aka jefa ta bayan kabad, wai fashewa take yi. Wannan tsoron ya samo asali ne daga tsofaffin tukwane marasa kariya. Na yanzu suna da ƙofar tururi, da wata ƙaramar mafita ta biyu da ke buɗewa idan ta farkon ta toshe, kuma da yawansu murfin ba ya buɗuwa sai matsin ya sauka.

Aikinta kawai tsare tururi ne. A tukunyar gida ruwa ba ya wuce digiri 100, amma a cikin ta firesha yakan kai kusan 120, shi ya sa ganda da ƙafar saniya ke yin laushi cikin ɗan lokaci, gas ma ya yi auki.

Inda haɗarin yake, wake ne. Kumfarsa da ɓawonsa na iya toshe ƙofar tururi, don haka kada ki cika ta fiye da rabi. Sauran abinci, kashi biyu cikin uku. Ki leƙa ƙofar kafin ki rufe, kuma kada ki taɓa tilasta murfin. Idan robar bakin ta tsage, a sauya ta.