Ƙagaggun Labaran Tarihi na Sihiri da Ta'asa don Matasa

Wannan wani reshe ne na rubutun zube da ake yi domin samari da 'yan mata, inda marubuci ke ɗaukar wani zamani sananne a tarihi ya kafa labarinsa a ciki, sannan ya bar aljanu da bokaye da magungunan tsari su yi aiki kafaɗa da kafaɗa da takobi da doki. Ginshiƙin labarin ta'asa ce, wato fashi ko kisan gilla ko satar yaro, kuma galibi matashi ne, almajiri ko ɗan farauta ko 'yar talla, ke bin sawun mai laifin.

A adabin Hausa, saiwarsa tana komawa ga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, Baturen da ke jagorantar Hukumar Fassara a lokacin. Daga cikin littattafan da gasar ta haifar akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya haɗa yaƙin zuwan Turawa da tafiya ƙasashen aljanu, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace a zamanin cinikin bayi. Na farkon ya kawo sihiri, na biyun ya kawo ta'asa.

Zamanin da ya fi dacewa da irin wannan labari a ƙasar Kano da Jigawa shi ne rabin ƙarshe na ƙarni na 19, domin lokaci ne da tsaro ya yi rauni a karkara. Ningawa suna kai hari kudancin Kano, Sarkin Haɗeja Buhari ya addabi maƙwabtansa, basasar Kano ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarkin Kano Tukur da Yusufawa, wato magoya bayan Yusufu, abokin hamayyarsa a neman sarauta, kafin Turawa su ci Kano a 1903 da Haɗeja a 1906. Fatake a hanya da garuruwa masu ganuwa sun isa su ba marubuci fage.

Abin da ya bambanta shi da labarin bincike na zamani shi ne yadda ake kama mai laifi. Ɓarawon da ke da layar zana ba a ganinsa, mai baduhu duhu ne ke rufe shi, mai sagau yakan sandarar da hannun wanda ya ɗaga makami a kansa, ɗan tauri kuwa wuƙa ba ta cinsa. Saboda haka sheda a gaban alƙali ba ta wadatarwa, dogarai ma ba su da yadda za su yi. Sai jarumin ya gano makarin asirin, domin a al'adar Bahaushe kowane asiri yana da sharaɗin da in aka saɓa shi yake karyewa. A nan gwanintar marubuci take bayyana, kuma a nan ne raunanan labarai ke faɗuwa, musamman waɗanda ke jefo aljani ya warware komai a shafin ƙarshe.

A ƙauyuka, irin waɗannan littattafai sun yaɗu ta hannun masu shimfiɗa su a kasuwannin mako, kamar ta Wudil ranar Juma'a da ta Maigatari ranar Alhamis, da kuma ta aro da haya, yanzu kuwa da yawa ana saurarensu ne a waya. Wasu malamai da iyaye suna sukarsu da cewa suna ƙawata tsafi a idon yara, shi ya sa marubuta kan sa boka ya tozarta a ƙarshe, addu'ar malami ta rinjaye shi.